Amana da Iyakarta: Naƙasun Kwamfutar Nutso a Fagen Nutson Fasaha

Tsakure

Wannan muƙala ta yi bayanin yadda kwamfutar nutso take aiki, da wuraren da take gazawa a hannun masu nutso mai zurfi. An bi tarihin lissafin da aka ɗora na'urar a kansa daga 1908, sannan aka duba abubuwan da take aunawa da waɗanda take zato kawai. Muƙalar ta nuna cewa babban naƙasun na'urar yana tattare da yadda take nuna hasashe a siffar tabbas, fiye da yadda yake tattare da lalacewar batir ko shigar ruwa.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san nutso tun kafin zuwan silindar iska. Duk wanda ya taɓa kallon kabanci a Argungu ya ga mutanen da suke riƙe numfashi su ɓace a cikin kogi, su fito da abin da suka shiga nema. Mai irin wannan nutso da iskar da ya shaƙa a sarari yake shiga, da ita kuma yake fita. Wanda ya goya silinda ya sauka mita 60 kuwa, yana shaƙar iska ne mai matsi daidai da na ruwan da ya kewaye shi, kuma wannan shi ne mafarin duk matsalar da za a tattauna a nan.

An raba nutson silinda gida biyu. Akwai nutson nishaɗi, wanda ba ya wuce mita 40, kuma mai yin sa yana iya tasowa kai tsaye a kowane lokaci. Akwai kuma abin da wannan muƙala ta kira nutson fasaha, wanda sunansa na Ingilishi ya yaɗu a farkon shekarun 1990 ta hanyar mujallar aquaCORPS ta Michael Menduno. A nan mutum yana wuce mita 40, ko ya shiga kogo ko cikin jirgin da ya nitse, yana amfani da gaurayen iska iri-iri, kuma ba shi da ikon tasowa sai ya yi zango-zango a kan hanya. Da yake Hausa ba ta riga ta tsayar da kalmomin wannan fage ba, an zaɓi “zango” don tsayawar da ake yi a wani zurfi, “sauke matsi” don aikin gaba ɗaya, da “ciwon kumfa” don cutar da ke kama wanda ya yi gaggawar fitowa. An fifita “ciwon kumfa” ne saboda yana faɗar sanadin, ba alamar kawai ba.

2.0 Abin da Na'urar Take Lissafawa

Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara matsi na ba ɗaya a kan wanda ake da shi a sarari. Ke nan a mita 60 matsin ya kai ba 7. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 79 cikin ɗari naitirojin ce, wadda jiki ba ya amfani da ita. A ƙarƙashin matsi sai ta narke a jini, ta ratsa tsoka da kitse da ɓargo. Idan aka taso a hankali takan fita ta huhu. Idan aka yi sauri sai ta tashi kumfa a cikin jiki, kamar yadda lemon kwalba yake yi in an ɓalle murfinsa farat ɗaya. Kumfar na iya tsayawa a gaɓoɓi ta jawo raɗaɗi, tana iya kuma taɓa laka ko ƙwaƙwalwa ta shanye jiki ko ta kashe.

Labarin Harrison Okene ya isa misali. A watan Mayu na 2013 jirgin Jascon-4 ya kife a tekun da ke gaɓar Neja Delta, ya kwanta a zurfin kimanin mita 30. Okene, wanda kuku ne a jirgin, ya rayu kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale. Da masu nutso suka same shi, ba su fito da shi sarari kai tsaye ba, domin jikinsa ya riga ya ƙoshi da naitirojin. Sai da ya ƙara fiye da kwana biyu a ɗakin sauke matsi.

Lissafin wannan al'amari ya faro ne daga John Scott Haldane da abokan aikinsa Boycott da Damant, waɗanda suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan awaki a Ingila a 1908. Haldane ya ƙaddara cewa jiki gurbi biyar ne, kowane yana cika rabi a cikin minti 5, 10, 20, 40 ko 75. Robert Workman na sojan ruwan Amurka ya gyara iyakokin a 1965. Daga baya Albert Bühlmann na Zurik a Suwizaland ya faɗaɗa tsarin zuwa gurbi 16, mafi jinkirinsu yana ɗaukar minti 635 kafin ya cika rabi. Tsarinsa mai suna ZH-L16 shi ne yake cikin mafi yawan kwamfutocin nutson fasaha na yau. Na'urorin lantarki irin su Orca Edge sun shiga kasuwa a 1983.

Abin lura a nan shi ne waɗannan gurabe ba gaɓoɓin jiki ba ne. Ba za a fede mutum a nuna gurbi na bakwai ba. Lambobi ne da aka daidaita har suka yi kusa da abin da aka gani a gwaji. Kwamfutar da ke ɗaure a tsintsiyar hannu, a asalinta, abu biyu kawai take aunawa: matsi da lokaci. Duk sauran abin da take nunawa, har da zurfin kansa, lissafi ne.

3.0 Jikin da Na'urar Ba Ta Gani

Mutum biyu za su yi nutso ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, da kwamfuta iri ɗaya, ɗaya ya fito lafiya, ɗaya a ɗauke shi a kwance. Ga na'urar duka biyun mutum ɗaya ne.

Sha'anin zafi da sanyi ya fi kowane nuna girman wannan giɓi. Sashen gwajin nutso na sojan ruwan Amurka da ke Panama City a Florida ya fitar da rahoto a 2007 a kan wani gwaji da Gerth da abokan aikinsa suka yi a zurfin ƙafa 120. An canza zafin ruwan tsakanin lokacin zama a ƙasa da lokacin zango. Waɗanda suka ji ɗumi a ƙasa sannan suka ji sanyi a zango sun kamu da ciwon kumfa fiye da waɗanda aka juya musu tsarin, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Dalilin a bayyane yake: ɗumi yana buɗe jijiyoyi, jiki ya sha iska da yawa, sanyi yana tsuke su, fitar iskar ta yi nawa. Abin takaicin shi ne mummunan tsarin shi ne wanda mai nutson fasaha ya saba samu. Yana shiga ruwa da ɗumin jikinsa, yana aiki a ƙasa, sannan ya zo ya rataye shiru na tsawon awa a mita 6 yana rawar ɗari. Kwamfutar tana iya nuna zafin ruwa, amma tsarin Bühlmann na asali ba ya sa zafin jikin mutum a lissafi.

Haka nan kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da 'yar ƙofa tsakanin ɗakunan zuciya biyu na sama wadda ba ta rufe sarai ba bayan haihuwa. Ta nan kumfar da ya kamata huhu ya tace take iya tsallakawa zuwa jinin da ke tafiya ƙwaƙwalwa. Yawancin masu ita ba su san suna da ita ba, balle na'urar hannunsu. A ƙara da shekaru, da ƙiba, da gajiya, da aikin ƙarfi bayan fitowa, kamar ɗaukar silindu a hau tsani. Tun shekarun 1970 binciken Merrill Spencer da na'urar sauraron jini ya nuna cewa ana samun kumfa a jijiyoyin masu nutso ko da ba su ji ciwo ba. Ashe layin da kwamfuta take ja tsakanin “an gama” da “ba a gama ba” yana ratsa wani fili ne mai duhu-duhu, inda haɗari yake raguwa sannu a hankali ba tare da ya ƙare a wani minti takamaimai ba.

4.0 Rikicin Zango Mai Zurfi

A nan ne, a ganin wannan muƙala, darasin ya fi nauyi, domin kuskure ne da aka ɗora a cikin na'urori masu lafiya ƙalau.

A shekarun 1990 wani masanin kifaye a Hawayi, Richard Pyle, ya lura cewa ba ya jin kasala sosai a ranakun da ya tsaya a wuri mai zurfi don ya huda jakar iskar kifayen da ya kamo. Ya rubuta abin da ya gani, masu nutso suka karɓa. A daidai lokacin akwai tsare-tsaren lissafi masu kula da girman kumfa, wato VPM da ya samo asali daga aikin David Yount, da RGBM na Bruce Wienke. Duka suna umartar a fara zango tun daga wuri mai zurfi don a hana kumfa girma. Hujjar tana da daɗin ji. Kamfanoni suka sa ta a kwamfutoci. Su ma masu bin Bühlmann suka sami hanyar kwaikwayo ta alƙaluman taka-tsantsan da Erik Baker ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1990, inda ake zaɓar lamba biyu, kamar 30/70. Ta farko tana tsayar da zurfin zangon farko, ta biyu tana tsayar da ragowar iskar da za a fito da ita sarari. Idan ta farko ta yi ƙasa, zango yana farawa da zurfi.

Sai a 2011 Doolette da Gerth da Gault suka fitar da sakamakon gwaji a wancan sashe na sojan ruwan Amurka. An sa mutane nutso na ƙafa 170, wato kusan mita 52, na minti 30, da jimillar lokacin zango iri ɗaya, minti 174. Bambancin kawai shi ne inda aka raba mintocin. Waɗanda aka ba zango mai zurfi sun kamu da ciwon kumfa kusan ninki uku na waɗanda aka ba zango na kusa da sama, har aka dakatar da gwajin a tsakiya. Bayanin da aka bayar shi ne, yayin da ake kare gurabe masu saurin cika ta hanyar tsayawa a ƙasa, gurabe masu jinkiri suna ci gaba da shan iska, kuma su ne suke kawo ciwon bayan an fito.

An yi ta ja-in-ja a kan ko gwajin ya dace da nutson fasaha, tunda iskar sarari aka shaƙa kuma babu rigar ɗumi. Duk da haka yawancin masana sun janye daga tsananta zango mai zurfi, masu nutso da dama suka ɗaga lambar farko zuwa 50 ko sama. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, shekaru fiye da goma mutane suna bin lambobin da na'ura take nuna musu da haske mai kyau, alhali ba a taɓa gwada tushen lambobin a kan mutane yadda ya kamata ba. Allon bai taɓa nuna alamar shakka ba. Kuma har yau, wanda ya sayi kwamfuta mai alƙaluman taka-tsantsan shi ake bar wa zaɓin lambobin, sau da yawa ba tare da ya san abin da suke nufi ba.

Akwai irin wannan a sha'anin hiliyam. Masu nutson fasaha suna gauraya ta da oksijin da naitirojin, su sami abin da ake kira tiraimiks, don rage mayen naitirojin da nauyin iska. Tsarin Bühlmann ya ɗauka hiliyam tana shiga jiki da sauri ninki 2.65 na naitirojin, don haka yakan ƙara lokacin zango idan an ƙara ta. Gwajin da Doolette da abokansa suka fitar a 2015 bai sami fifikon tiraimiks a kan gaurayen hiliyam da oksijin zalla ba, abin da ya jefa shakku a kan wannan tara da ake ci wa hiliyam. Illar a aikace ita ce wasu sukan rage hiliyam don su ga lamba ƙarama a allo, ko su yi wa na'urar ƙarya game da abin da ke cikin silinda.

5.0 Abin da Aka Faɗa Mata Shi Ta Sani

Mai nutson fasaha yakan ɗauki silinda uku ko huɗu masu iska daban-daban. Misali, tiraimiks mai oksijin kashi 18 da hiliyam kashi 45 don ƙasa, gauraye mai oksijin kashi 50 da ake komawa kansa a mita 21, da oksijin zalla a mita 6. An tsayar da waɗannan zurfafa ne don kada matsin oksijin ya wuce ba 1.6, domin sama da haka yana iya jawo farfaɗiya, kuma farfaɗiya a cikin ruwa kusan daidai take da mutuwa.

Kwamfutar ba ta san bututun da ke bakin mutum ba. Shi ne zai danna ya gaya mata. Idan ya canza iska bai gaya mata ba, za ta tsawaita masa zango, wannan mai sauƙi ne. Idan ya gaya mata ya canza alhali bai canza ba, za ta sallame shi da wuri. Mafi muni, idan ya ɗauki bututun oksijin zalla a mita 21 bisa kuskure, yana shaƙar ba 3.1, allon kuma yana nuna masa 1.6 ko ƙasa da haka, babu ƙara, babu jan haske. Wannan kuskure ya kashe masu nutso ƙwararru, kuma maganinsa ba ya cikin na'ura: auna kowace silinda kafin shiga, rubuta iyakar zurfinta da manyan lambobi a jikinta, da sa abokin nutso ya bi bututun da ido ya tabbatar kafin a shaƙa.

Sai batun yawan iska. Lambar da masu nutso suka fi kallo ita ce mintocin da suka rage kafin a isa sarari. Na'urar tana lissafa ta ne bisa zaton duk iskar da aka rubuta mata tana nan, kuma za ta isa. Wanda yake shan lita 20 a minti a sarari zai sha lita 140 a mita 60, ke nan silinda mai lita 12 da aka cika zuwa ba 200 za ta ƙare a cikin minti 17. Idan silindar zango ta zube ko ta ɓata, lokacin da ake bukata yakan kusan ninka, kuma iskar bayansa ce za ta biya. Wanda ya shirya da jadawali a takarda dole ya yi wannan lissafi tun a tudu. Wanda ya dogara da kwamfuta yana iya ƙara minti biyar a ƙasa don allon bai hana ba, sai a hanya ya gane ya ci bashin da ba shi da abin biya.

6.0 Na'urar Kanta

Batir yana mutuwa, ruwa yana shiga, ma'aunin matsi yana karkacewa. Waɗannan sanannu ne, shi ya sa ake ɗaura biyu. Wasu kwamfutocin nishaɗi kuma sukan kulle kansu na awa 24 ko 48 idan an tsallake zango, su daina bayar da lissafi a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Kuskuren manhaja ya fi wuyar ganewa. A 2003 aka janye kwamfutar Aladin Air X Nitrox ta kamfanin Uwatec ƙirar 1995 daga kasuwar Amurka, saboda tana lissafi kamar mai ita yana ci gaba da shaƙar gauraye mai yawan oksijin a lokacin hutunsa a sarari. Sakamakon haka tana rage naitirojin da ke jikinsa a lissafi, ta ba shi lokaci fiye da ƙima a nutso na gaba. Shekara takwas ke nan tsakanin ƙira da janyewa. Yana da kyau a sani kuma cewa ƙa'idar Turai ta EN 13319, wadda ake gani a jikin na'urori da yawa, ta shafi daidaiton zurfi da lokaci ne kawai, ba ta tantance lissafin sauke matsi ba.

Ɗaura biyu ma yana da nasa zance. Idan iri ɗaya ne, kuskuren manhaja ɗaya zai same su tare. Idan iri daban ne, za su saɓa, mutum ya rasa wadda zai bi. Haka abin yake a tsakanin abokan nutso: ɗaya na'urarsa ta sallame shi, ɗaya saura minti 12, alhali ƙa'ida ita ce kada a rabu. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu binciken kogunan ƙarƙashin ƙasa na Wakulla a Florida, da ƙungiyar GUE da Jarrod Jablonski ya kafa a 1998, suka daɗe suna koyar da nutso da agogo da ma'aunin zurfi kawai, kowa ya riƙe jadawalin a ka. Ita ma wannan hanya ba ta tsira daga suka ba, domin lissafin ka a zurfi yana iya kuskure, kuma ta jingina da zango mai zurfi fiye da kima. A yau mafi yawan masu nutson fasaha suna ɗaura kwamfuta, kuma da gaskiyarsu, domin tana bin ainihin hawa da saukar da aka yi fiye da kowace takarda.

A na'urar sake shaƙa, wadda take tace numfashi ta mayar wa mai ita, dogaron ya fi tsanani. Kwamfutar ce take zuba oksijin bisa abin da ƙwayoyin awo uku suka gaya mata, ta bi biyun da suka yi daidai da juna. Ƙwayoyin suna tsufa, kuma tsohuwar ƙwaya tana iya daina nuna lamba sama da wani mataki. Idan biyu suka tsufa tare, sai su rinjayi mai gaskiyar, na'urar ta ci gaba da zuba oksijin tana zaton bai kai ba.

A ranar 8 ga Janairu 2005, a ramin ruwa na Boesmansgat da ke Afirka ta Kudu, Dave Shaw ya sauka kimanin mita 270 don ya ɗauko gawar Deon Dreyer, wanda ya mutu a wurin a 1994. Shaw bai dawo da rai ba. Nazarin da Simon Mitchell da abokan aikinsa suka yi daga hoton kyamarar da ke kansa ya nuna cewa iskar kabon dayoksaid ce ta taru masa, saboda aikin ƙarfi da nauyin iskar da yake shaƙa a wannan zurfi, kuma babu abin da ke hannunsa da yake auna wannan. Abokinsa Don Shirley ya bi shi zuwa wajen mita 250, inda matsi ya fasa kwamfutar da ke sarrafa na'urar numfashinsa. Da hannu ya koma yana zuba oksijin. A hanyar tasowa kumfa ta kama kunnensa na ciki, jiri da amai suka rufe shi, ya riƙe igiya ya ci gaba da zangonsa sama da awa goma, masu taimako suna sauko masa da silindu ɗaya bayan ɗaya har ya isa sarari.